Buɗe akwatin giyar baya na ƙaramar motar lantarki: me za a duba, me za a canza?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina neman shawararku kafin in sa sifana a kan wani aiki. A gonar da nake kula da injinanta a wajen Zariya muna da ƙaramar motar lantarki ta ɗaukar kaya, ƙirar Club Car Carryall mai ƙarfin wutar batir bolt 48, wadda aka sayo gwanjo daga Amurka. Tun da damina ta yi nisa ta fara wani kuka daga baya, siriri kamar fito, wanda yake ƙaruwa idan gudu ya ƙaru, kuma ba ya daina ko an ɗaga ƙafa daga totur. Ban da haka, idan aka sauya daga gaba zuwa baya ana jin ƙaran bugu sau ɗaya kafin ta motsa, sannan cikin tayar hagu ta baya ya jiƙe da mai, birkin wannan ɓangaren kuma ya yi sanyi. Maigidan gonar yana ganin a ƙara mai kawai a ci gaba da aiki har a gama girbi. Ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga sauke akwatin giyar gaba ɗaya a buɗe shi. Wanda ya taɓa yin wannan aiki ya taimaka mini da abin da ya sani.

Baban Panteka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi gaggawar raba akwatin biyu, kuma kada ka yarda da ƙarin mai kawai. Kafin komai ka zare man da ke ciki, ka tare shi a farar roba mai tsabta, ka fito da shi rana ka duba. Idan ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Idan ka zura mayen ƙarfe ya fito da laushin toka-toka mai santsi a yatsa, wannan cin yau da gobe ne, babu abin tsoro. Amma idan ka ga ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli da suke sukar yatsa, to boris (zoben ƙwallayen ƙarfe da sanda take juyawa a cikinsa) ko haƙorin giya ya fara ɓarewa, kuma idan ɓarɓashin ya ƙi bin mayen ƙarfe, alminiyam ne, wato boris yana juyawa a mazauninsa yana cin jikin akwatin. Ka kuma auna yawan abin da ya fito. Sai ka dawo ka gaya mana.

Injiniya Abu Amir:
Na goyi bayan Baba, kuma zan ƙara bayani a kan abin da ke cikin akwatin, domin wanda ya san hanyar da juyi yake bi ya fi saurin gane inda kuka yake fitowa. Wannan akwati ba shi da giya ɗaya, biyu, uku irin na motar fetur, kuma ba shi da giyar ribas, saboda injin lantarkin ne da kansa yake juyawa ta ɗaya gefen idan ana son komawa baya. Sanduna uku ne a ciki. Akwai sandar shiga, wadda injin yake hawa kanta kai tsaye, tana ɗauke da ƙaramar giya. Ita take juya sandar tsakiya mai giya biyu, babba da ƙarama, sannan ƙaramar ta juya babbar giyar da ke ɗaure a jikin difarenshal, wanda shi kuma yake raba juyi ga aksil na dama da na hagu, wato sandunan da suke juya tayoyi. Ragewar sau biyu ce, kuma a irin waɗannan motoci takan kai kusan juyi 12 na inji ga juyi 1 na taya.

Ka yi lissafin da kanka, Malam Abu Hafsat. Tayar inci 18 tana cin ƙasa kimanin mita 1.4 a juyi ɗaya. Idan motar tana gudun kilomita 24 a awa, wato mita 400 a minti, tayar tana juyi kusan 280 a minti, sandar shiga kuwa ta haura 3,000. Saboda haka kuka siriri mai bin gudu, wanda ba ya canzawa ko an taka totur ko an saki, na fi zargin boris na sandar shiga. Kukan haƙoran giya yakan sauya murya tsakanin lokacin da inji yake ja da lokacin da motar take gangarawa da kanta, kukan difarenshal kuma a kwana yake bayyana. Bugun da kake ji wajen sauya gaba da baya wani al'amari ne daban, kuma zan fara duba tsagin da ya haɗa inji da sandar shiga.

Malama Umman Walid:
Kafin a yi nisa a maganar giya, bari in sa baki a ɓangaren wuta, domin a nan ne na fi ganin ana samun rauni. Bolt 48 ba ya jan mutum kamar wutar gida, shi ya sa ake raina shi, amma jerin batiran nan yana iya zubo ɗaruruwan amfiya idan sifana ta haɗa kawuna biyu, ƙarfen ya yi ja nan take, batir kuma yana iya fashewa ya watsa ruwansa a fuska. Ƙanena, ka kashe makulli ka zare shi, idan motarka tana da makunnin da aka rubuta TOW da RUN ka mayar da shi TOW, sannan ka cire wayar batir mai alamar ragi tukuna, ka ɗan jira kafin ka taɓa wayoyin inji domin wutar da kwanturola ta riƙe ta sauka. Ka cire zobe da agogo, ka naɗe hannun sifanarka da salatif.

A jikin injin za ka ga kawuna huɗu, biyu masu alamar A1 da A2, biyu kuma F1 da F2, ko S1 da S2 idan tsohon tsari ne. Ka ɗauki hoto, ka kuma manna alama a kowace waya. Wajen kwance su ka yi amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe notin ƙasa, ɗaya ta kwance na sama, domin idan kusar ta juya gaba ɗaya sai haɗin da ke cikin injin ya tsinke, ka shiga wani gyaran da bai shafi giya ba. Abu na ƙarshe: yawancin injinan waɗannan motoci boris ɗaya gare su a can ƙarshen baya, bakin gaba kuwa sandar shigar akwatin ce take tallafe shi. Don haka kada wani ya ce a jona masa wuta a ƙasa a ji ko shi ne yake kuka, zai daki bangon cikinsa ya lalace.

Ɗan Maraɗi:
Gafara dai manya, ni ina ganin akwai hanyar da ta fi sauƙi. Sil ɗin aksil, wato zoben robar da yake hana mai yoyo, da boris ɗinsa ana canza su ba tare da an sauke akwati ba. A cire taya da diram, a matse kilif ɗin da ke cikin bakin bututun aksil, a zaro aksil ɗin da boris ɗinsa, a sa sabon sil, a zuba sabon mai. Watakila rashin mai ne kawai ya kawo kukan. Me zai sa a tsayar da mota ana tsakiyar aikin gona, alhali kayan gyaranta sai an aiko daga waje?

Baban Panteka:
Maganarka tana kan hanya idan yoyo ne kaɗai, ɗan'uwa, kuma ni ma na sha yin haka. Amma boris ɗin da ya riga ya fara kuka ba ya warkewa da sabon mai, sai dai muryarsa ta ragu na ɗan lokaci. Ranar da kejinsa ya karye, ƙwallayen za su faɗa tsakanin haƙora, a rasa giya biyu ko uku, wani lokaci har akwatin ya tsage. Mu jira mu ji abin da man ya nuna.

Abu Hafsat:
Na gode ƙwarai, Baba, Injiniya, Malama da Yaya na Maraɗi. Na zare man. Abin da ya fito bai kai rabin gwangwanin lemo ba, launinsa kamar shayi mai madara, kuma da ya kwanta sai ruwa ya ware a ƙasan robar. Mayen ƙarfe ya kamo ɓarɓashi masu ƙyalli, ba su da yawa amma suna da kaifi. Na nuna wa maigida, ya amince a sauke. Na bi matakan Malama, na tokare firam da tsayayyun ƙarafa, na cire wayoyin birki da shokozoba da ɗaurin sifirin, na janyo akwatin waje. Da na zare injin, jar ƙura ta zubo daga cikin tsagin, wurin a bushe yake ƙayau, kuma gefen haƙoran tsagin sandar shiga ya ɗan yi kaifi. Da na juya sandar da yatsa ina jin tana gurzawa tana tsayawa. Yanzu ta ina zan ɓullo wa raba akwatin?

Injiniya Abu Amir:
Man da ya kamata a samu a irin wannan akwati oza 22 ne, wato kimanin kashi biyu cikin uku na lita, don haka motar ta daɗe tana tafiya da ƙasa da rabin abin da take bukata, ga kuma ruwa. Jar ƙurar nan tsatsa ce ta gogayya, wadda take fitowa idan ƙarfe biyu suna motsi kaɗan-kaɗan a jikin juna babu giris, kuma ita ce asalin bugun da kake ji.

Ka wanke bayan akwatin tas kafin ka buɗe, domin ƙasar gona kada ta shiga. Ka zaro aksil biyu, ka ware na dama da na hagu, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka kwance bututun aksil, sannan ka kwance kusoshin da suka zagaye akwatin, kana jera su a jikin kwali bisa tsarin da suka fito. Rabin akwatin biyu a manne suke da gam, kuma akwai 'yan turaku masu daidaita su, saboda haka ba za su rabu da sauƙi ba. Ka bubbuga da gudumar roba a hankali kana zagayawa, ka ɗaga rabin sama a miƙe. Ina roƙonka kada ka cusa sukundireba a tsakanin fuskokin, domin alminiyam ne, kuma duk inda ka yi masa tabo nan mai zai riƙa bi har abada. Idan ya buɗe ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Sandar shiga takan fito idan kana ɗan girgiza ta tsakiya, amma ta tsakiya da difarenshal tare ake ɗaga su, saboda haƙoransu a karkace suke kuma suna riƙe da juna. Duk wata wosha ko siririn faranti da ka gani, ka lura da inda yake zaune da fuskar da yake kallo.

Baban Panteka:
Wajen duba kayan nan ne ake gane makanike, ɗana, don haka ka ba shi lokacinsa. Ka wanke komai da kananzir a tire, ka shanya a kan tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Yara suna son hura boris da iskar kwamfireso su ji yana kuka, kada ka bari, domin juyi a bushe yana lalata ko da mai lafiya ne. Ka ɗiga masa mai kaɗan, ka riƙe zoben ciki, ka juya na waje a hankali kana matsa shi gefe. Mai lafiya yana tafiya sumul babu inda yake tsayawa. Wanda ya ci za ka ji shi a yatsa kafin ka gan shi da ido.

Giya kuma ka bi ta haƙori-haƙori da tocila, fuska biyu, domin waɗannan motoci suna tafiya gaba da baya da haƙora ɗaya, kuma a motocin da inji yake riƙe su a gangara ɗaya fuskar ma tana ɗaukar nauyi. Ƙyallin da ya shimfiɗu daidai a tsakiyar haƙori alama ce ta zaman lafiya. Abin tsoro shi ne ƙananan ramuka a layi ɗaya wajen tsakiyar haƙori, ko ƙarzuwa daga gindi zuwa kai, ko launin shuɗi na zafi, ko kuma ƙyalli a gefe ɗaya kawai, wanda yake nuna sandar ta karkace saboda boris ya saki. Ka bi da farcenka, idan farce ya maƙale to ramin ya wuce a yi shiru a kansa. Kada ka manta da mazaunin boris a jikin akwatin: idan boris yana faɗawa da kansa ba tare da matsi ba, ko ka ga wurin ya yi baƙi ya yi santsi, ka faɗa mana.

Abu Hafsat:
Ga abin da na samu, Baba. Boris ɗin sandar shiga na ɓangaren inji ya ci sosai, hanyar ƙwallayen duk ramuka ce da tabon tsatsa a jere daidai tazarar ƙwallayen. Na ɗaya ɓangaren yana gurzawa kaɗan. Na sandar tsakiya da na difarenshal suna tafiya lafiya. Haƙoran giya duka ƙyallinsu a tsakiya yake, farce bai maƙale ko'ina ba, sai dai ƙaramar giyar shiga tana da wani dishi-dishi a fuska ɗaya. Mazaunan boris a matse suke. Abin da ya ba ni mamaki shi ne cikin difarenshal: turken da ƙananan giyoyin biyu suke juyawa a kansa ya ƙarzu, har ya yi kwari a inda suke zama, ɗaya giyar kuma tana rawa a kansa. A jikin aksil na hagu, daidai inda leɓen sil yake kamawa, akwai zagayayyen kwari da farce yake faɗawa. Takalman birkin hagu sun sha mai sun yi baƙi.

Injiniya Abu Amir:
Tabon tsatsa a jere daidai tazarar ƙwallaye yana nuna motar ta yi zaman ajiya da ruwa a ciki, kowane ƙwallo ya ci wurin da ya tsaya. Shi kuwa turken difarenshal, tambayar da zan yi ita ce ko motar tana yawan kafewa a laka. Idan ana tafiya a miƙe ƙananan giyoyin nan ba sa juyawa a kan turken, a kwana ma kaɗan suke motsawa. Amma idan taya ɗaya ta kafe ɗaya tana wulwulawa a cikin taɓo, direba kuma ya ci gaba da taka totur, tayar da ke wulwulawa tana juyi ninki biyu, giyoyin suna gudu a kan turken da babu boris a tsakaninsu, mai kuma ya yi ƙasa bai kai wurin ba. Wannan ne yake haifar da irin kwarin da ka gani. Gyara ba zai ɗore ba sai an gaya wa direbobi su saki totur su tura, kuma a daina ɗora mata buhunan taki fiye da nauyin da aka rubuta a jikinta.

Ɗan Maraɗi:
To tunda an buɗe, turken ba abin wahala ba ne. A kai wa mai injin fiƙe ƙarfe ya fitar da sabo daga tsohon aksil, ya huda ramin makullinsa. Takalman birki kuma a wanke da fetur a gasa su kaɗan, man zai fita. Haka muke yi idan kaya sun yi nisa.

Baban Panteka:
A kan birki ban yarda ba, ɗan'uwa. Man ya riga ya ratsa cikin takalmin, wuta tana fitar da na sama ne, da zarar diram ya ɗauki zafi na ciki zai sake tsattsafowa. Motar da take sauka gangara da kaya, ga ma'aikata a gefenta, ba a yi mata wannan. A canza na dama da na hagu tare domin kamun ya zo ɗaya. A kan turke kuwa zan iya sassautawa idan babu yadda za a yi, da sharaɗin a ƙona shi a taurara shi sannan a goge shi ya yi santsi, domin na asali fatarsa tana da tauri ƙwarai, kuma da an fiƙe tsohon aksil an cire masa taurin samansa, sai ɗanyen ƙarfen ciki ya rage. Amma tunda giyar ma tana rawa, raminta ya buɗe, sabon turke kaɗai ba zai kashe rawar ba. Ni dai da a nemo turke da giyoyinsa na asali.

Malama Umman Walid:
Don neman kayan, lambar motar ce mabuɗi. A motocin wannan kamfani, lambobi biyu na farko bayan haruffa su ne shekarar ƙira, biyu na gaba kuma makon da aka ƙera ta. Wannan yana da muhimmanci saboda ba akwati iri ɗaya aka yi amfani da shi a duk shekaru ba, akwai na Graziano na Italiya, akwai kuma na Kawasaki a tsofaffi, kayan cikinsu ba sa shiga juna. Ka kuma ƙirga haƙoran tsagin: na Club Car 10 ne, na E-Z-GO 19, kada a aiko maka da na wata. Tunda sandar shiga da ƙaramar giyarta abu ɗaya ne, kuma tsaginta ya ci, canza ta zai magance dishi-dishin ma. Ka leƙa cikin tsagin injin da tocila, domin idan shi ma ya ci zai cinye sabuwar sandar, kuma ka tabbatar 'yar robar da ke can ƙurya tana nan. Wajen mayarwa a shafa giris mai kauri kaɗan a tsagin.

Injiniya Abu Amir:
Boris ba sai an jira daga waje ba, domin lambarsa ta duniya ce, tana rubuce a gefensa. Misali, 6205 yana nufin rami milimita 25, faɗin waje 52, kauri 15, ko wane kamfani ya yi shi. Ka kwafi har haruffan da ke bin lambar, saboda 2RS yana nufin rufin roba ta fuska biyu, C3 kuma sararin ciki ne da ya ɗan fi na kullum. Ka saya a hannun wanda ka amince da shi, domin jabu sun yi yawa kuma kwalinsu ya fi na gaske kyau. Ra'ayina a canza duka boris ɗin ciki, har waɗanda suke tafiya lafiya, tunda ruwa da ɓarɓashi sun ratsa su. Wajen sawa a kan sanda a matsa zoben ciki kawai. Kwarin jikin aksil kuma zai kashe sabon sil cikin ɗan lokaci, sai dai a sa masa siririyar rigar ƙarfe ta gyara ko a canza aksil ɗin.

Baban Panteka:
Duk na yarda, saura mai. Ni a zafin ƙasar nan, inda ake haura digiri 40 a watan Afrilu, man giya mai lamba 90 nake zubawa a kowane akwati, kuma ban ga ya cuce ni ba. Baƙin mai 30 ya yi mini ruwa-ruwa ga motar da take ɗaukar kaya.

Injiniya Abu Amir:
Ranka ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa. Man inji mai lamba 30 (SAE 30) kamfanin motar ya rubuta wa wannan akwati. Ma'aunin man inji da na man giya ba ɗaya ba ne, man giya 90 kaurinsa kusa yake da man inji 40 zuwa 50, don haka ban ce zai fasa komai ba. Sai dai an yi shi ne musamman domin giyar aksil ɗin manyan motoci, wadda haƙoranta suke goge juna da ƙarfi, waɗannan kuwa birgima suka fi yi. Boris ɗin da ya mutu a nan shi ne na sama mai gudun 3,000, wanda fantsamar mai kaɗai take kai wa, kuma mai marar kauri ya fi saurin isa can, musamman da sanyin safiyar hunturu. Mai kauri kuma yana cin cajin batir. Wanda zan hana ƙwarai shi ne man giya mai lamba 140, da kuma cusa giris a ciki don tsayar da yoyo.

Baban Panteka:
Hujjarka a kan boris ɗin sama tana da ƙarfi, Injiniya, ko da yake ni ina nan a kan 90 ga motocin da nake kula da su. Ɗana, tunda littafin motarka 30 ya ce, bi littafin, ka zuba har ya fara lekowa ta ramin awo, kada ka wuce, domin cikawa fiye da kima ma tana tura mai ta bakin sil. Ka kankare tsohon gam da abin roba, ka shafa sabo siriri, ka ɗaure kusoshi kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kuma kafin ka mayar da inji ka juya sandar shiga da hannu ka tabbatar aksil biyu suna bi babu inda yake cijewa. Bayan mako biyu na aiki ka sake zare man a farar roba ka turo mana hotonsa, kuma ka hana masu wanki harba ruwan matsi a bakin sil.